Koyon haɗa hular haƙori (murfin da ake kifa wa haƙorin da ya lalace): tambayoyin sababbin shiga

Wai ni ne zan saka wa mutum hular a baki?

A'a, wannan aikin likitan haƙori ne. Shi zai fere haƙorin, ya ɗauki awon bakin da roba ko da sikana, ya turo lab. Kai teknishan naka shi ne ka ƙera hular har ta zauna daram a kan samfurin filasta.

Da kaki zan fara ko kai tsaye kwamfuta?

Ni dai a ganina kaki tukuna. Manhajojin kwamfuta irin su Exocad ko 3Shape za su zana maka turmi cikin ɗan lokaci, amma fa idan hannunka bai taɓa gina haƙori da kaki ɗigo-ɗigo ba, ba za ka gane inda tudu ya yi yawa ko inda kwari ya ɓace ba, duk abin da manhaja ta ba ka sai ka ce ya yi.

Me ya fi sa likita ya dawo da aiki?

Bakin hular, wato inda ta haɗu da haƙori dab da dasashi. Nan ne ake gane gwani. Ana so ratar kada ta wuce maikiron 120, kaurin silin gashi ke nan kusan, in ta wuce simintin zai riƙa wankewa, abinci ya maƙale, haƙorin ya ruɓe a ƙasa mai shi bai sani ba sai ciwo ya taso. In kuma bakin ya yi kauri ya danne dasashi, kumburi da jini. Shi ya sa tun a kan samfurin za ka ja layin bakin da jan fensir, ka duba da madubin ƙara girma, kuma wallahi idan awon da aka turo bai fito sosai ba gara ka mayar a sake, kar ka yi canke.

Sai haɗuwarta da maƙwabtan haƙora, zaren sakace ya shige da ɗan tirjiya. Cizo kuma takarda mai launi za ta nuna maka inda ya yi tsayi.

Don me zirkoniya ke fitowa daga inji ƙatuwa?

Da gangan ne. Zirkoniya farar tangaran ce mai tauri, tana zuwa a faifai, inji ya sassaƙo hular daga cikinsa. Tana tsukewa da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari in an gasa ta a zafin digiri 1500 ko kusa. Kowane faifai da lambar tsukewarsa, ka shigar da ita ba daidai ba hular ta tashi aiki.

Kala fa?

Ma'aunin kalar haƙori na VITA Classical kala 16 ne, daga A1 zuwa D4. A duba a hasken rana kuma haƙorin na jiƙe, don busasshe ya fi haske, sai ka haɗa hula fara fat ta fita daban a bakin mutum.