Agogon da ake kira "Steve McQueen" ba shi ne na hannunsa ba

Duk mai bibiyar kasuwar tsofaffin agogo ya saba jin dillalai na kiran Rolex Explorer II mai lamba 1655 da sunan Steve McQueen, jarumin fina-finan Amurka da ya rasu a 1980. Sunan ya bi agogon har ya zauna masa daram, alhali babu hoto ko guda da ya nuna shi a hannun mutumin.

An fito da 1655 ne a 1971, domin masu kutsawa cikin kogo, inda ba a bambance dare da rana. Shi ya sa yake da wani ƙaton hannu ruwan lemo mai kan kibiya, wanda ke zagaya fuskar sau ɗaya a awa 24. Daga nesa ma ana gane shi.

Wanda ake gani a hotunan McQueen na yau da kullum kuwa Rolex Submariner ne, lamba 5512: baƙar fuska, ba tagar kwanan wata, da zoben ƙirga mintuna mai juyawa irin na masu nutso. Kibiyar nan babu ita. An yi gwanjon nasa a 2009 kan dala 234,000. A fim ɗin Le Mans na 1971 kuma agogon Monaco na kamfanin Heuer ya ɗaura, mai kusurwa huɗu da shuɗiyar fuska.

Abin da ke damuna shi ne mai saye, wanda zai ƙara kuɗi don suna kawai. Ga mai son tantance wanne agogo ake sayar masa, lambar 1655 tana nan a sassaƙe jikin agogon, tsakanin ƙafafun da ke riƙe maɗauri ta wajen ƙarfe 12. Sai an cire maɗaurin ake ganin ta.