Idan Gabas Ta Yi Baƙi, A Bar Gona A Nufi Gida

Jama'a, manomanmu da makiyaya da iyaye mata, damina ta ƙarato. A aikinmu na malaman gona babu watannin da suke ɗaga mana hankali kamar Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwan farko yake zuwa da iska. Kowa ido yana sama yana jiran ruwan shuka, amma kafin ɗigo ɗaya ya sauka an kwashe rufin makaranta, bishiya ta danne rumfa, wayar lantarki tana kwance a kan hanya.

Da yawanmu mun ga bidiyon mahaukaciyar guguwar Amurka a Facebook, wadda take saukowa daga gajimare tana juyi tana ɗaga gidaje. A ƙasar ana samun irinta sama da 1,000 a shekara. Wadda ta afka wa garin Joplin a watan Mayun 2011 ta kashe mutum sama da 150. Can suna da na'urorin hango hadari da jiniya a garuruwa, amma duk da haka gargaɗin da mutum yake samu sau da yawa bai wuce 'yan mintuna ba, ya ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko ɗakin tsakiya mara taga. Guguwar da muke gani a rani tana wasa da ledoji a fili ba ita ba ce, wannan zafin ƙasa ne yake tayar da ita rana tsaka, kuma ba ta cika ɓarna ba. Abin da yake yi mana illa a nan shi ne iskar da take tahowa a gaban hadari, miƙe take ba juyi. Mu ba mu da jiniya. Idonmu da fatar jikinmu su ne masu yi mana gargaɗi.

Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Ranar da zai zo da ƙarfi, tun hantsi za ka ji zafi mai nauyi, gumi yana tsatstsafowa ko kana inuwa. Wajen la'asar gajimare ya taru ya yi tsiri sama, kansa ya baje kamar uwar maƙera, gindinsa ya yi baƙi ƙirin. Sai iska ta ɗauke ɗif, ganye ko motsi. Wannan shirun shi ne yake ruɗar mutane, mai noma ya ce bari in ƙarasa kunyar nan. Bayansa sai ka ji wani sanyi ya bugi fuskarka, ka hango jar ƙura ta tokare sama. Sanyin nan iska ce da ruwan cikin hadarin ya sanyaya, ta faɗo ƙasa da nauyi ta bazu gaba da gudu. In ka ji shi, lokacin tafiya ya kusa ƙurewa. Tun ganin baƙin gabas ya kamata a ce an saɓa fartanya an kora dabbobi.

Maganar rufi kuwa aikin yanzu ne, kafin ruwa. Maigida ya hau ya duba. Kwano ba ya tashi shi kaɗai, yawanci da katakon da aka kafa shi yake tafiya, saboda gara ta cinye katakon ko kuma ba a ɗaure shi da bango ba. A ɗaure da waya mai kauri ko ƙarfe, a ƙara ƙusa a gefe da kusurwa inda iska take fara cusa kai. Dutse da tsohuwar taya da ake ɗorawa a kan kwano ba ɗauri ba ne, in iska ta yi ƙarfi su ma jifa suke zama. A sare reshen darbejiya da ya rataya a kan ɗaki. Mai sola ya duba ƙusoshinta. Idan iskar ta taso, a rufe ƙofa da taga, a tattara yara nesa da katangar da ta tsage.

Sai tsawa, wadda ta fi damuna, don a nan ne ake rasa rai cikin ƙiftawar ido. Haske yana riga ƙara isowa. Ƙara tana cin kilomita 1 a cikin kusan daƙiƙa 3. To in ka ga walƙiya ka fara ƙirga. In ƙarar ta iso kafin ka kai 30, tsawar tana cikin kilomita 10 daga inda kake, kuma tana iya kai maka. Gaskiyar magana, muddin kunnenka yana jin rugugi, ba ka tsira ba. Kuma kada a fito da zarar ruwa ya tsagaita, a ba da minti 30 bayan rugugin ƙarshe.

Ina za a fake? Cikin ginin kirki, ko cikin mota mai rufin ƙarfe a ɗaga gilashi. Gindin bishiya shi ne mafi muni, musamman wadda take tsaye ita kaɗai a fili. Wutar tana sauka a kanta ta bi ƙasa ta bazu, shi ya sa ake tarar da shanu da yawa sun faɗi wuri guda a gindin kuka ko tsamiya. Rumfar kasuwa, bukkar gona, babur da a-daidaita-sahu duk ba mafaka ba ne. Masunta da masu wanki su fita daga ruwa. Wanda abin ya rutsa da shi a daji ya sauka daga tudu, ya ajiye fartanya da sanda mai ƙarfe, in kuna da yawa ku warwatsu kada ku cure. Iyaye mata, don Allah yaran nan da suke fita wankan ruwan sama ana walƙiya, a kira su ciki. Wayar hannu ba ta jawo tsawa, jan kaya ma haka, amma a cire waya daga caji, a kashe talabijin a zare filogi.

Wani zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne, kuma muna addu'a in mun ji tsawa. Amma addinin da ya koya mana addu'ar shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne tsoron taɓa wanda tsawa ta faɗa wa. Babu sauran wuta a jikinsa, ba abin da zai same ka. Mafi yawan waɗanda tsawa ta buga suna rayuwa, waɗanda suke mutuwa kuwa galibi zuciyarsu ce take tsayawa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. In mutum da yawa ne suka faɗi, a fara da wanda ya yi shiru ba motsi, mai ihu yana numfashi. Ko wanda ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa da kunnensa. Wanda wayar lantarki ta faɗo a kansa kuwa hukuncinsa daban ne, kada kowa ya matsa kusa sai an kashe wutar.

Hukumar NiMet, mai kula da hasashen yanayi a Najeriya, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma ba da na kwanaki uku uku. A riƙa sauraron rediyo da safe kafin a fita gona, wanda ya ji kuma ya faɗa a masallaci da majalisa.