Abin da doka ta hana mai ziyara a gandun dajin Great Smoky Mountains

An kafa wannan gandun daji a 1934 a kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina na Amurka, bayan an tashi mutanen da ke zaune a ciki. Shi ya sa ban da itatuwa masu ɗaruruwan shekaru a wurare irin su Albright Grove, akwai kufai: gidajen katako, coci-coci da maƙabartu, musamman a Cades Cove.

Shiga kyauta ne, amma tun 1 ga Maris 2023 duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 sai da takardar izinin ajiye mota: dala 5 a rana, 15 a mako, 40 a shekara.

Inda baƙi suka fi faɗawa tarko shi ne tsintuwa. Dokar gandayen tarayya ta hana ɗauka, tonewa ko gusar da kayan tarihi, ko da tsatsattsiyar ƙusa ce ko fasasshen tangaran a bakin kufai. Mai tsintuwa gani yake shara ce. A wurin masu bincike kuwa, inda aka samu ƙusar shi ke nuna inda gini ya tsaya, da zarar ta shiga aljihu wannan shaidar ta tafi. Na'urar gano ƙarfe ma ba a yarda a riƙe ta a harhaɗe ba. Zana suna a jikin katakon gida ko ɓawon itace laifi ne, kuma hukunci na iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata 6. Wanda ya tone kayan da suka haura shekara 100, dokar kare kayan tarihi ta 1979 ce za ta hau kansa, kuma ta fi tsanani.

Icen hura wuta ma da nasa sharaɗi. Tun 2015 ba a shigo da ice daga waje sai wanda aka gasa da zafi, mai hatimin hukumar noma, saboda ƙwarin da ke ɓuya cikin ɓawo su ne ke kashe tsofaffin itatuwa. An dai yarda a tsinci busasshen icen da ya faɗi ƙasa a cikin gandun, ba a sara na tsaye ba.

Kare kuwa hanyoyin ƙafa biyu kawai aka yarje masa, ta Gatlinburg da ta kogin Oconaluftee, shi ma a ɗaure. Beyar kuma, wato babbar dabbar daji mai baƙin gashi da ke cikin gandun, laifi ne a matsa kusa da ita da gangan ƙasa da yadi 50.