Gudanar da Manhajar Rauta a Ɗakin Gwajin Sadarwa na Kwamfuta

Ɗakin gwajin sadarwa na kwamfuta manhaja ce da ke bai wa mutum damar haɗa na'urorin rauta da yawa a cikin kwamfuta ɗaya, ba tare da ya sayi ko guda ba. Rauta ita ce na'urar da ke zaɓar hanyar da bayanai za su bi daga wata cibiyar sadarwa zuwa wata. A irin wannan ɗaki, ana ɗaukar ainihin manhajar da kamfani ya rubuta wa na'urarsa, a saka ta cikin kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfutar gaske, ta tashi ta yi aiki kamar tana cikin akwatinta na ƙarfe.

A nan ne bambancin yake da irin su Packet Tracer na kamfanin Cisco. Shi Packet Tracer kwaikwayon halayen rauta kawai yake yi, kuma umarnin da ya sani ƙayyadaddu ne. Amma idan aka tayar da manhajar gaske, duk wani umarni da kuskure da baƙon halin da take da shi a wurin aiki suna nan. Don haka masu shirin jarrabawar ƙwarewa da injiniyoyin da ke son gwada sauyi kafin su taɓa na'urar da jama'a ke dogaro da ita suka fi son wannan hanya.

Harkar ta fara ƙarfi ne da Dynamips, wadda Christophe Fillot ya fara a 2005. Tana kwaikwayon furosesan tsofaffin na'urorin Cisco kamar jerin 7200 da 3600, sai a ɗora mata IOS, manhajar da ke tafiyar da rautocin Cisco. Matsalarta sananniya ce: ba ta gane lokacin da rauta take zaman banza, don haka furosesan kwamfuta ya kan cika maƙil, fanka ta yi ta ƙugi alhali ba abin da ake yi. Maganin shi ne a nemo wata lamba da ake kira idle-PC, wadda ke nuna inda manhajar take kewayawa tana jira. Da an saka ta daidai, nauyin ya sauka nan take. A 2008 aka saki GNS3, wadda ta sa zana hanyoyi da haɗa wayoyi ya zama aikin linzamin kwamfuta.

Yau yawancin kamfanoni da kansu suke fitar da sigar da aka yi don kwaikwayo: Cisco na da IOSv da Catalyst 8000V, Juniper na da vMX, MikroTik na da CHR, ga kuma VyOS da FRRouting na kyauta. Ana tayar da su da manhajojin kwaikwayon kwamfuta QEMU tare da KVM, yawanci a fayil nau'in qcow2, a cikin ɗakunan gwaji irin su GNS3 ko EVE-NG ko Cisco Modeling Labs.

Abin da ya fi kawo wa sabon shiga cikas shi ne kwaikwayo a cikin kwaikwayo. Sau da yawa shi kansa ɗakin gwajin yana zaune ne a kwamfutar kwaikwayo, rautocin kuma suna cikinsa. Idan ba a kunna Intel VT-x ko AMD-V ba, wato fasahohin furosesa masu taimaka wa kwaikwayo, kuma ba a bar su su ratsa zuwa ciki ba, rauta za ta tashi ta mutu, ko ta yi ta jan ƙafa. Sai kuma RAM: ƙaramar rauta tana wadatuwa da ƙasa da gigabait ɗaya, manya kuwa kowace na cin gigabait masu yawa. Ita vMX ma gida biyu ce, ɓangaren tunani daban, ɓangaren tura bayanai daban.

Ya kamata mai amfani ya san iyakar abin. Ƙa'idojin zaɓen hanya kamar OSPF da BGP suna aiki yadda suke a zahiri, har ana iya buɗe Wireshark, manhajar duba bayanan da ke wucewa, a kan waya ɗaya a kalli saƙonnin gaisuwa da rautoci biyu ke musaya. Abin da babu shi ne guntayen lantarki na musamman da ke tura bayanai da sauri a na'urar gaske, saboda haka auna gudu a nan ɓata lokaci ne. Lasisi ma na taƙaita gudun: CHR na kyauta ba ya wuce megabit 1 a daƙiƙa wajen fitar da bayanai a kowace kafa. Manhajojin kamfanoni kuwa suna da haƙƙin mallaka, kuma GNS3 da EVE-NG ba sa zuwa da su. Sai mutum ya samo su daga mai su ta halastacciyar hanya.