Me ake nufi da "jagoranci da ba da shawara" a ƙaramar sakandare?

A taron iyaye da malamai, musamman idan zango na uku ya kama, shugaban makaranta kan ce duk mai tambaya game da ɗansa ya leƙa ofishin jagoranci da ba da shawara. Iyaye su gyaɗa kai, a yi addu'a, a watse. Da za a tsayar da su a bakin ƙofa a tambaye su me ake yi a wannan ofishi, da yawa za su ce can ake kai yaron da ya yi laifi. Ba haka ba ne, kuma wannan gurguwar fahimta ita ce take sa yara gudun wurin.

Aikin yana da fuska uku, kamar yadda ake koyar da shi a kwalejojin ilimi da jami'o'inmu: taimaka wa ɗalibi a karatunsa, taimaka masa ya gane sana'ar da ta dace da shi, da sauraron damuwarsa ta rayuwa. Jagorancin shi ne ɓangaren da ake yi wa kowa a fili, kamar tara 'yan aji ɗaya a makon farko a nuna musu yadda sakandare ta bambanta da firamare, ko gayyato likita da lauya da injiniya da tela su yi wa ɗalibai bayanin aikinsu. Ba da shawarar kuwa zama ne na mutum biyu a rufe ƙofa, yaro ya yi magana, malami ya saurara. Malamin shawara ba ya riƙe bulala. Wannan aikin malamin ladabtarwa ne, kuma duk makarantar da ta ɗora wa mutum ɗaya ayyukan biyu ta kashe na shawarar, domin babu yaron da zai buɗe cikinsa ga wanda ya zane shi da safe.

A Najeriya ana danganta farkon abin da shekarar 1959, a makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, inda mata masu hidimar cocin Katolika suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibai masu shirin kammalawa bayanin ayyukan da ke jiran su. Kundin manufofin ilimi na ƙasa na 1977 ya ambaci buƙatar samar da malaman shawara a makarantun gaba da firamare. Amma abin da ya sa aikin ya zama tilas shi ne tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) da aka fara aiwatarwa a 1982, wanda ya raba sakandare gida biyu. Manufar ita ce bayan shekara uku a dubi yaro, a ga ko babbar sakandare ta dace da shi, ko kwalejin fasaha, ko koyon sana'a. Waɗanda suka yi makaranta a wancan zamani suna tuna injinan koyon sana'a da aka shigo da su daga ƙasashen waje, waɗanda a makarantu da dama suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu kuma mai koyarwa. Rabon sakandaren ya tabbata, amma mai taimaka wa yaro ya zaɓa bai samu a ko'ina ba.

A nan ne batun ya fi shafar iyaye. Yaro yana gama aji uku, ya zauna jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, sai a ce ya shiga ajin kimiyya, ko na Ats, ko na kasuwanci. Yana da shekara 14 ko 15 ke nan, amma zaɓin zai bi shi har ƙofar jami'a. Mai son karatun likita dole ya zauna Fiziks da Kemistiri da Bayoloji tare da Turanci a jarrabawar JAMB. Mai son aikin lauya ana neman Adabin Turanci a takardunsa. Galibin kwasa-kwasai kuma suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. A Kano, mai son shiga makarantun kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977, sai ya ci jarrabawar shiga ta musamman a ƙarshen aji uku, don haka shiri tun daga aji biyu yake farawa.

Ga yadda zaman kan kasance. Uba ya shigo ya ce, "Malam, ni dai likita nake so yaron nan ya zama." Malamin shawara ya jawo fayil ɗin yaron, ya baje takardun sakamakonsa na zango tara a kan tebur, ya ce, "Alhaji, bismillah, mu duba tare." Lissafi bai taɓa haura arba'in ba tun aji ɗaya. Turanci da Hausa da ilimin zamantakewa kuwa kullum yana sahun gaba, ga shi shi ne ke wakiltar ajinsu a muhawara. Malamin kirki ba zai ce wa uban ɗanka ba zai iya ba. Zai fara tambaya ko raunin lissafin na rashin tushe ne tun firamare, wanda darasin yamma zai iya gyarawa, ko kuwa zuciyar yaron ce ba ta wurin. Sannan ya juya ga yaron, wanda tun shigowarsu kansa ke sunkuye, ya ce, "Kai kuma fa, me kake so?" A gidaje da yawa ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Ni a ganina babbar ɓarnar da muke yi ita ce ɗaukar ajin kimiyya a matsayin ajin masu ƙwaƙwalwa, Ats kuma juji. Yara nawa aka tura kimiyya don a fita kunyar maƙwabta, suka yi shekara uku suna kokawa da Kemistiri, suka fito babu kiredit, alhali da an bar su inda suke da ƙarfi da sun wuce salin-alin?

Fuska ta uku, wato damuwar rayuwa, ta fi wuyar gani. Shekarun ƙaramar sakandare su ne shekarun balaga: murya tana buɗewa, jiki yana canjawa, yarinya tana fara al'ada wataƙila a tsakiyar darasi ba tare da an taɓa yi mata bayani ba. Makin yaro idan ya faɗi farat ɗaya, da wuya a ce lalaci ne kawai. Wani ba ya hango allo ne daga bayan aji, tabarau yake buƙata. Wata talla take zuwa bayan an tashi, sai bayan isha'i take dawowa, barci ke ɗaukarta a aji. Wani manyan ɗalibai ne ke ƙwace masa kuɗin tara kullum. Wani iyayensa sun rabu, an mai da shi gidan kaka. Akwai kuma wanda abokai suka fara ɗanɗana masa ƙwaya, ko wanda waya ta cinye masa dare. Malamin shawara ba likita ba ne, ba kuma alƙali ba. Abin da ya fi ƙarfinsa yakan tura shi asibiti ko ya kira iyaye.

Sirri shi ne jarin wannan aiki. Abin da yaro ya faɗa a ofis ba ya zama hirar ɗakin malamai. Iyaye kan ji haushin wannan, su ce ɗan da suka haifa ne, me za a ɓoye musu? Amma idan yaro ya ji maganarsa ta koma gida kafin shi, ba zai ƙara zuwa ba, abokansa ma haka. Sirrin yana da iyaka, kuma malamin da ya san aikinsa yakan gaya wa yaro iyakar tun farkon zama: idan ana cin zarafinsa, ko yana shirin cutar da kansa ko wani, dole a sanar da waɗanda za su kare shi.

A makarantun gwamnati da yawa ofishin suna ne kawai a jikin ƙofa. Malamin da aka ba aikin yana koyar da darasi a azuzuwa cike maƙil, babu lokacin zama da kowa, wani lokaci ma bai karanci fannin ba, an dai ga yana da haƙuri ne aka miƙa masa. Masu zaman kansu kuma wasu suna rubuta shi a takardar talla don jan hankalin iyaye. Saboda haka idan ka je makarantar ɗanka, tambayi sunan malamin shawara, da ranakun da yake zama, da ko akwai fayil ɗin da ke bin yaro daga aji ɗaya zuwa uku. Idan babu kowa, malamin aji ne madadinsa, domin shi ke kiran suna kowace safiya, shi ya san wanda ya fara fashi. Kuma a je tun yaro yana aji biyu, kafin fom ɗin zaɓen aji ya fito a ce gobe ake mai da shi.