Sabbin hanyoyin maganin cututtukan bijirewar garkuwar jiki

Cututtukan bijirewar garkuwa su ne waɗanda garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, ta riƙa cin gaɓoɓi, fata, ƙoda ko jijiyoyi kamar ta gamu da ƙwayar cuta. Cikinsu akwai lufus, da ciwon gaɓoɓi mai kumburi, da ciwon suga nau'i na 1. Lufus ta fi kama mata: cikin majiyyata goma, kusan tara mata ne, kuma takan fi tsanani ga baƙar fata.

Tun 1948, lokacin da likita Philip Hench ya fara gwada maganin kumburi kortizon a Amurka, dabarar ita ce a danne garkuwar gaba ɗaya. Ciwo yakan lafa, amma ƙashi ya yi rauni, suga ya hau, jiki ya zama gida babu ƙofa.

Sabuwar dabara ita ce a nemo mai laifin shi kaɗai. A 1998 aka amince da magungunan infliximab da etanercept, masu toshe sinadarin kumburi TNF. Maganin rituximab kuwa ƙwayoyin B yake kashewa, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, waɗanda daga cikinsu ne ake samun makaman da ke harbin jiki.

Abin da ya fi girgiza likitoci ya faru a Erlangen ta Jamus a 2021. Ƙungiyar likita Georg Schett ta ɗebi ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini mayaƙa, na wata budurwa mai shekara 20 da lufus ta kusa halakawa, ta sauya musu halitta don su farauci ƙwayoyin B masu alamar CD19, sannan ta mayar mata da su cikin jini. Wannan shi ne CAR-T, wanda asalinsa maganin sankarar jini ne. Cutar ta kwanta, aka daina ba ta magani. Da sabbin ƙwayoyin B suka tsiro a irin waɗannan majiyyata, galibi ba su koma faɗa da jiki ba. A 2024 aka bayyana sakamakon mutum 15. Adadin kaɗan ne, aikin na da tsadar gaske, kuma yana iya jawo zazzaɓi mai haɗari.

Ga majiyyaci a Yamai, hydroxychloroquine, ɗan uwan tsohon maganin masassara Nivaquine, shi ne har gobe ginshiƙin maganin lufus. Wanda za a ɗora kan masu toshe TNF, tilas a fara auna shi don tarin fuka, domin suna tayar da wanda ya kwanta a huhu. Rituximab ma yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta a jiki.