"Hana bauta": ba abin da ya faru a 1807 ba ne

Tun da Tarayyar Afirka ta ware shekarar 2025 don neman diyyar bauta da mulkin mallaka, maganar "hana bauta" ta cika gidajen rediyo. Kusan duk mai sharhin da aka ba dama sai ya ce Turawan Ingila sun hana bauta a 1807, kuma William Wilberforce, ɗan majalisar Ingila, ne ya yi aikin. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Abin da majalisar Ingila ta haramta a 1807 fataucin bayi ne: jirgin Ingila ba zai ƙara ɗibar mutane daga gaɓar Afirka ya ƙetare da su ba. Wanda ya riga ya shiga gonar rake a Jamaika yana nan bawa, 'ya'yansa ma bayi. Dokar soke bautar kanta sai a 1833, bayan boren bayi da Sam Sharpe ya jagoranta a Jamaika a ƙarshen 1831. Ko a lokacin ma an tilasta wa waɗanda aka 'yanta su ci gaba da yi wa iyayen gijinsu aiki har 1838, da sunan koyon sana'a. Diyya kuwa, fam miliyan 20, masu bayin aka biya. Bayin ko anini ba su gani ba.

Su kansu masu fafutukar bakinsu bai zo ɗaya ba. Wilberforce da abokansa sun fi son a bi a hankali. Wata Baturiyar Ingila, Elizabeth Heyrick, ta fito a 1824 ta ce a soke bauta yanzu, ba gobe ba, ta kuma nemi mutane su daina shan sukarin da bayi suka noma. A Amurka William Lloyd Garrison ya ɗauki wannan matsayi tun daga 1831.

Amma a wurina, wanda ya fi kowa nuna ma'anar kalmar shi ne Frederick Douglass. Bawa ne da ya gudu daga birnin Baltimore na Amurka a 1838, ya zama mai jawabin da fasaharsa ta sa wasu Turawa suka riƙa musun cewa ya taɓa yin bauta. Da ya rubuta tarihinsa a 1845 ya faɗi sunan ubangijinsa, sai zama a Amurka ya zama haɗari, ya tafi Ingila da Ailan yana yawon jawabai. A 1846 magoya bayansa a Ingila suka tara fam 150 suka fanshe shi. Nan fa gardama ta ɓarke a tsakanin masu hana bautar. Wasu suka ce biyan kuɗin nan tamkar yarda ne cewa mutum yana da farashi, kuma mai shi yana da haƙƙi a kansa. Douglass ya ce a'a, an biya ne don a raba shi da ikon da doka ta ba wani a kansa, ba don an yarda da wannan iko ba. Ina ganin Douglass ya fi gaskiya, domin shi ne za a kama idan ya koma. Duk da haka masu sukar sun taɓo zuciyar batun: fansar mutum ɗaya alheri ne, amma hana bauta shi ne a ce babu wanda ya isa ya mallaki ɗan Adam tun farko.

Mu ma mun san wannan bambanci. A ƙasar Hausa akwai fansa, akwai murgu, inda bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa. Dukkansu sassauci ne a cikin bauta, bautar tana nan. Sanarwar Lugard ta 1901 ta ce 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun shekarar 'yantattu ne, amma iyayensu da yawa sai da suka je gaban alƙali suka fanshi kansu. Soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya sai a 1936. Nijar ta mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa a 2003, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12.